Ina ɗan kwangila zai samu taimakon kuɗin haya a Maryland?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ina aikin gadi a wani ginin gwamnatin tarayya a Washington, amma ta hannun kamfanin kwangila. Tun da aka rufe ayyukan gwamnati ranar 1 ga Oktoba 2025 aka ce mu zauna a gida, ko sisi ba a biya ba. Dokar 2019 da ta ce a biya ma'aikata bashin albashinsu bayan an buɗe ba ta shafi 'yan kwangila ba.

Abinci da sauƙi, ana rabawa, na samo shinkafa da gwangwanayen wake. Haya ce ta tsaya mini a wuya. Mai gida ya liƙa mini takardar gargaɗi a ƙofa, kwana goma ya ba ni.

Na kira 211, layin wayar neman agaji, suka ba ni lambobin ƙungiyoyi uku. Biyu kuɗinsu ya ƙare, ta ukun ba ta ɗaukar waya. Bankin da ke ba da rance mara ruwa ya ce sai wanda albashinsa ke shigowa kai tsaye daga gwamnati. Kuɗin rashin aikin da na nema kuwa har yau shiru.

Don Allah, wace ƙungiya ko masallaci a gundumar Prince George's ta jihar Maryland ke taimaka wa ɗan kwangila da kuɗin haya kafin kwanakin nan su cika?