Wai me ya sa Bature zai faɗi abu amma akasinsa yake nufi?

Ummu_Sultan:
Slm 'yan'uwa, dan Allah masu Turanci ku taimaka min. Ina shirin jarrabawar IELTS ne, ta gwada iya Turanci, wasu maganganu duk sun birkita min lissafi. Misali "the alarm went off", ni a sanina off ai kashewa ne, amma malamarmu ta ce nufinsa ƙararrawar ta kaɗa, bam ma in ya tashi haka suke cewa, to kuma in aka ɗauke wuta shi ma "the light went off" ne fa! Ga kuma "fat chance" da "slim chance", ɗaya ƙiba ɗaya rama, wai duk abin da suke nufi da wuya abu ya yiwu. Akwai ƙa'ida ne ko hadda kawai ake yi?

Malam_Ticha:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wasu suna da dalili. Off ɗin nan ba kashewa kaɗai ba ne, akwai ma'anar tashi da zabura, shi ya sa in jirgi zai tashi suke cewa "take off". Ki riƙa duba abin da ake magana a kansa, in fitila ce ko janareto to mutuwa suka yi, in ƙararrawa ce ko bindiga to ƙara ta yi. Fat chance kuwa gatse ne zalla, kamar uwa ta ce wa yaro "je ka ka yi ta yi" alhali hani take nufi. Slim chance da ɗan sauran rai a abin, fat chance ba ma maganarsa, kuma kada ki sa shi a rubutun jarrabawa, na hira ne.

Direban_Tanka:
Ni wanda ya fi damuna shi ne "inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai, mutane da yawa suna ɗauka ba ya kama wuta ne saboda sun saba da irin su incorrect da invisible, inda "in" ɗin farko ke juya ma'anar kalma zuwa akasinta, alhali yana ci da wuta sosai yake nufi, wlh wannan ba abin wasa ba ne, shi ya sa yanzu aka fi rubuta "flammable".

Hajiya_Bilki:
To ai mu ma haka muke, sabo ne ya hana mu gani. Mutum yana ficewa daga ɗaki zai ce miki "ina zuwa". Ki je dubiya mara lafiya ko zama ba ya iya yi, ki ce ya jiki, a ce miki da sauƙi. Su ma 'yan wasan daɓe nasu "break a leg", wato ka karya ƙafa, suke ce wa wanda zai hau dandamali, don suna camfa cewa fatan alheri kai tsaye yana jawo matsala.

Ummu_Sultan:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam to "I could care less" fa?

Malam_Ticha:
A Amurka aka fi jin sa, nufinsu ko a jikina. Asalinsa "I couldn't care less" ne, shi 'yan Ingila ke faɗa, shi za ki riƙe.