Fasfon Hangari ga 'yan ƙabilar da ke ƙetare: yaya ake samu?

Ɗan Takarda: Jama'a, wanda kakanninsa 'yan Hangari ne amma a Romaniya ko Slobakiya aka haife shi, ta wace hanya yake zama ɗan ƙasa? Kuma ƙasar da yake zaune tana yarda?

Mai Nazari: Malam, tushen maganar yarjejeniyar Trianon ce ta 1920, wadda ta rage faɗin ƙasar Hangari, ta bar miliyoyin 'yan ƙabilar a bayan iyaka. Dokar Hangari ta 2010, wadda ta fara aiki a Janairun 2011, ta sauƙaƙa hanyar. Zai kawo takardun haihuwa ko na aure da ke nuna wani kakansa ɗan Hangari ne, ya zama ba shi da tabon laifi, ya je ofishin jakadanci, daga baya ya yi rantsuwa. Ba sai ya taɓa zama a ƙasar ba. Inda ake yawan faɗuwa shi ne harshe: jami'i zai yi hira da shi da Hangariyanci, in ya kasa amsawa, shi ke nan.

Hajiyar Shari'a: Sai dai a kula, maƙwabtan ba ɗaya suke ba. Romaniya, mai kimanin mutum miliyan 1 daga cikinsu, ta amince da fasfo biyu. Slobakiya kuwa a 2010 ta mayar da martani da doka: ka karɓi na wata ƙasa, ka rasa nata. An ɗan sassauta a 2022, amma ga wanda ya shekara 5 a ƙasar da ta ba shi sabon fasfon kawai.

Mai Nazari: Haka ne, Hajiya. Tun 2014 waɗanda suka samu fasfon suna jefa ƙuri'a a zaɓen Hangari ta gidan waya, amma jam'iyya kaɗai suke zaɓa, ban da ɗan takarar mazaɓa. Kuskure a takardar shaida da ke tare da ƙuri'ar yana sa a soke ta.