Jirgin Corsair da aka ciro daga fadama: na wa ne?

Injiniya: Ni fa ina nan kan bakana, jirgin na wanda ya ciro shi ne. Wannan Corsair jirgin saman yaƙin Amurka ne, a Disamba 1944 ya faɗi a wata fadama a jihar North Carolina, matuƙinsa ya rasu. Sama da shekara 40 yana kwance cikin taɓo, tsatsa na cinsa, babu wanda ya waiwaye shi. Sai wajen 1990 wani makanikin jiragen sama daga Minnesota ya kwaso tarkacen da kuɗin aljihunsa. Kwatsam a 2004 gwamnati ta maka shi a kotu, wai kayan sojan ruwa ne. Haba!

Barista: Yallaɓai, daɗewa a taɓo ba ta sauya mai abu. A dokar Amurka kayan gwamnati ba ya fita hannunta sai ta sake shi a rubuce. Sojan sama sun yafe jiragensu da suka faɗi kafin Nuwamban 1961, sojan ruwa ba su yafe ba.

Baba Alhaji: Ko a fiƙihu ai tsintuwa sai an yi cigiya shekara guda. Wannan kuwa mai shi sananne ne, lambarsa na jiki.

Injiniya: To Baba, me ya hana su ɗauka tun farko? Sai da suka ji cikin jiragen Corsair 735 da kamfanin Brewster ya ƙera shi kaɗai ya rage.

Barista: Ƙarshenta ai kyauta aka ba makanikin jirgin a 2005, bayan ɗan majalisa Walter Jones ya sa baki. Kyauta fa na ce. Wanda ya ba ka kyauta shi ne mai abu.

Auta: Ku yi haƙuri manya, ni wani abu ke damuna. An gyara shi a Texas, ya tashi a 2018, yanzu yana gidan tarihi a Colorado Springs. Na ga hotonsa: fuka-fukan nan masu lanƙwasa, fenti sai ƙyalli yake. Ƙarfen da ya sha ruwan fadama haka zai ɗauki mutum sama? Nawa ne na asali a jikinsa?

Injiniya: Auta, motar gidanku da aka sauya wa inji da ƙofa, lambarta ta canza?

Auta: Ba ta canza ba, amma da Baba zai sayar, dillali rage kuɗi ya yi.