Katalis ko miƙaƙƙen bututu: wanne ya dace da motar da aka ƙara wa ƙarfi?

Mai Son Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar salansa. Motata mai silinda 4 ce, fetur take sha, ba ta da turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji), kuma na riga na canza mata bututun shan iska da manifol, saura salansar. Mai waldar da zai yi mini aikin ya ce in cire katalis, wato na'urar rage gubar hayaƙi da ke jikin salansa, a sa miƙaƙƙen bututu a gurbinsa, wai hayaƙi zai riƙa fita ba tare da cikas ba, inji ya ƙara ƙarfi, shan mai kuma ya ragu. Wani abokina kuwa cewa ya yi kada in kuskura. Da motar nake zuwa aiki, da ita nake ɗaukar iyali, shi ya sa ba na son in yi abin da zan dawo ina da-na-sani. Shin ƙarfin da ake samu ya kai a sadaukar da katalis saboda shi?

Tsohon Makanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a injin da ba shi da turbo, muddin katalis ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙarin da za ka samu kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai na'urar auna ƙarfin inji ke iya nuna shi, direba ba ya jinsa a totur. Ƙarar da ta ƙaru ce ke sa mutum ya ɗauka motar ta ƙara gudu. Baƙin jinin da katalis ya yi na cewa yana shaƙe inji ya samo asali ne daga na farko-farko da aka sa wa motoci a Amurka daga 1975, domin wasunsu cike suke da ƙananan ƙwallaye waɗanda hayaƙi ke kutsawa ta tsakaninsu da ƙyar. Na yanzu kuwa cikinsa tangaran ne mai siffar saƙar zuma, da miƙaƙƙun ramuka kimanin 400 ko fiye a kowane inci murabba'i, an shafe bangonsu da filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan ya yi zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyos, waɗannan ƙarafa suna mayar da iskar kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa, su kuma raba gubar naitirojin oksaid ta koma naitirojin da oksijin. Katalis mai lafiya yana rage fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi uku.

Batun raguwar shan mai ba shi da tushe. Kwamfutar motar ce ke yanke yawan man da za a fesa, tana dogaro da sensar oksijin, wato na'urar auna oksijin a cikin hayaƙi, da ke gaban katalis don ta riƙe ma'aunin iska 14.7 ga fetur 1, kuma cire katalis ba ya canza wannan lissafi. Abin da zai canza shi ne sensa ta biyu da ke bayansa, wadda aikinta sa ido a kan katalis ɗin: da zarar ta ga hayaƙin da ya fito daidai yake da wanda ya shiga, sai fitilar gargaɗin inji ta kama, a na'urar bincike kuma ka ga lambar P0420. Abin da ya fi damuna da wannan shi ne mai mota yakan saba da fitilar a kunne, har ranar da wata matsala ta gaske za ta zo bai sani ba.

Mai Turbo ya amsa:

Na yarda da Baba Makanike a kan motar mai tambaya, amma kada masu karatu su ɗauka hukuncin ɗaya ne ga kowace mota. Turbo yana juyawa ne da bambancin matsin hayaƙi tsakanin gabansa da bayansa, saboda haka duk abin da ya rage cikas a bututun da ke fitowa daga bayansa yana sa shi ya tashi da wuri, kuma a nan ƙarin ƙarfin na gaske ne. Sai dai ba a samun cikakkiyar moriyar sai an sake saita kwamfutar, kuma a wasu injuna matsin turbo yakan wuce inda aka ƙayyade masa idan bututun ya buɗe da yawa, abin da ke iya cinye fistin. Duk da haka ni ban cire nawa ba. Na sa katalis mai yalwar hanya, wanda cikinsa ƙarfe ne mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bututu zalla ba ta taka kara ta karya ba. Ya kamata dai a sani cewa masu araha daga cikinsu ba su da isassun ƙarafan tacewa, kuma sukan kunna fitilar nan su ma.

Malam mai tambaya, ka kula da faɗin bututun da za a sa maka. Bututun da ya yi wa inji faɗi yana rage saurin hayaƙi, kuma saurin nan ne ke taimakawa wajen zuƙo ragowar hayaƙi daga silinda, don haka motar za ta yi nauyin tashi a ƙananan giya. Akwai kuma wani gurnani mai cika cikin mota idan ana tafiya a babbar hanya da gudu ɗaya, wanda a doguwar tafiya yake sa ciwon kai.

Uwar Biyu ta amsa:

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka ce kana ɗaukar iyali. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Motar da ba ta da katalis tana fitar da ita da yawa, kuma idan walda ta tsage a ƙarƙashin mota, ko aka tsaya a cunkoso, ko aka bar inji a kunne a rufaffen gareji, yaran da ke kujerar baya ne suka fi kusa da haɗarin, haka ma masu tafiya a ƙasa da ke bayanka. Sannan ka binciki dokar inda kake. A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta cire na'urar rage hayaƙi daga motar da ke hawa titi, a Turai ƙa'idar Euro 1 ta 1992 ce ta sa katalis ya zama dole ga sababbin motocin fetur, a Birtaniya kuma motar da aka ƙera da katalis ba za ta ci gwajin shekara-shekara ba idan aka cire shi. Miƙaƙƙen bututu na motar tsere ce wadda ba ta barin filin tsere.

Mai Son Mota ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Makanike, ka ce muddin katalis ɗin lafiyarsa ƙalau. Ta yaya zan gane ko nawa ya toshe? Motar takan yi sanyin jiki a hawan tudu.

Tsohon Makanike ya amsa:

Wannan alama ce da ya kamata a bincika kafin a yanka komai. A kwance sensar gaba a ɗaura ma'aunin matsi a raminta, a ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti. Idan matsin ya haura fam 3 a inci murabba'i, akwai toshewa. Idan motar ta huce, a ɗan bubbuga jikin katalis ɗin da hannu, in ka ji kacau-kacau, tangaran ɗin ya farfashe. Masu cewa motarsu ta farfaɗo bayan an cire shi galibi nasu ya riga ya toshe ne, kuma sabo zai ba su irin wannan sakamakon. Katalis ba ya cika mutuwa haka kawai: fulogi ko koyil da ya lalace yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinsa har ya narke, injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto kuma yana dasashe ƙarafansa. A gyara musabbabin tukuna, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Idan aka canza, ka karɓi tsohon a hannunka, domin ƙarafan cikinsa suna da daraja kuma masu sake sarrafa su suna saye.