Me kuke ci kafin motsa jiki da bayansa? Ni dai teɓar nan ta ƙi tafiya

Maman Ilham, Unguwar Dosa:
Slm 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa gwadawa nake so su yi magana, abin da ya faru da ku, ba wai an ce an ce ba. Wata biyu kenan ina fita Murtala Square bayan sallar asuba ni da maƙwabciyata, kwana huɗu a sati, muna zagaye wajen minti 40, gumi kam har hijabi sai ya jiƙe. Ranar da na fara na hau sikeli kilo 86, jiya na hau 86 da rabi. Wlh sai da na sauka na sake hawa ko sikelin ne ya samu matsala. Ba na cin komai kafin in fita saboda an ce da yunwa kitse ya fi narkewa, in na dawo kuwa hannuna har rawa yake, sai in aiki yaro ya sayo min ƙosai cike da leda in haɗa da koko mai suga, wani lokacin har da biredi. Ku me kuke ci kafin ku fita, me kuke ci in kun dawo?

Ɗan Kawo:
Hajiya ai kin ba kanki amsa, ledar ƙosan nan ce. Ni ma haka na yi kusan shekara guda ina yaudarar kaina. Kullum da yamma ina gudun kilomita 5, in na gama sai in zarce teburin mai shayi in ce a min indomi biyu ƙwai uku, shayi haɗin kauri madara har tana kwanciya a ƙasan kofi, ina ci ina jin ai na wahala na cancanta. Wani abokina da ya karanta harkar wasanni ne ya zaunar da ni ya min lissafi a bayan takardar biredi. Ya ce kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, gudu kuma yana ƙona kamar kalori 1 a kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita, ni ina kilo 90, kenan kilomita biyar ɗina wajen 450 ne kacal, abin da nake ɗurawa wajen mai shayi kuwa ya haura 1000 nesa ba kusa ba. Ashe gudu nake ina tara wa mai shayi kuɗin aure. Yanzu ayaba ɗaya nake ci kamar rabin awa kafin in fita, in na dawo abincin daren gida kawai, ko wake da shinkafa ne sai in ce a fifita waken. Kilo 7 ya tafi cikin wata biyar, gudun kuma ban ƙara ko taku ɗaya ba.

Ummu Sudais, Rigasa:
Ni tawa ta fi muni, ku yi dariya amma ku ɗauki darasi. Wata ce ta sayar min da shayin rage ƙiba ta ce in sha da dare, da safe in naɗe cikina da leda in ɗaura ɗamara in yi tsalle da igiya ban ci komai ba. Sati na farko kilo 2 ya sauka na dinga murna ina kiran 'yan uwa. Ashe shayin gudawa kawai yake sa ni, daga baya wata tsohuwa a gidanmu ta shinshina ta ce ai filasko ne a ciki. Ranar nan cikin zafin watan Afrilu ina cikin tsallen sai na ga tsakar gida na juyawa, ban farka ba sai ji na yi kishiyata na yayyafa min ruwa tana salati. Kunyar da na ji ta fi faɗuwar ciwo. Kilo biyun nan kwana uku da na koma shan ruwa daidai suka dawo abinsu.

Anti Nas, Barnawa:
Ummu Sudais sannu, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya fita ruwan jikinki ne ba kitse ba, gumi ba kitse ba ne da yake narkewa, shi ya sa ledar nan ba ta da amfani sai ƙara haɗari. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, ba abin da zai fita a dare biyu ba ne.
Ni da nake aikin kwana, abin da ya zauna min shi ne dabino biyu ko uku da fiya wata ɗaya kafin in fita tafiya, in riƙe wata ledar a hannu ina kurɓa. In motsa jikin bai kai awa ɗaya ba ruwa zalla ya isa, ba sai lemon kwalba ko waɗannan na gwangwani masu cewa suna ƙara kuzari ba. Ku juya robar lemo ta 50cl ku karanta bayanta, da yawansu suga wajen giram 50 ne a ciki, ƙaramin cokali 12 kenan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya kusan iyakar da ta ba babban mutum kenan na yini guda cur. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ruwa ya ishe ki ki duba fitsari, in ya yi duhu kamar shayi ba ki sha isasshe ba. Musamman da hunturu, ba a jin ƙishi amma jiki na bushewa.
Sai abu ɗaya da nake roƙo, mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan irin magungunan da ke sauke suga sosai, kar ya fita da yunwa bai yi magana da likitansa ba, kuma ya riƙa sa dabino ko alewa a aljihu. Na ga yadda suga ke faɗuwa da mutum, ba kyan gani.

Kocin Tudun Wada:
Anti Nas a yi min afuwa amma ni kar a tsorata mutane da maganar fita da yunwa. Shekara huɗu ina fita jogin daga masallaci kai tsaye, ruwa kawai, ban taɓa ganin jiri ba. In na ci wani abu ma sai in ji cikina na kwankwatsa, gefen haƙarƙari na sukata.

Anti Nas, Barnawa:
Koci ban ce haram ba ne ai. Mai lafiya in jikinsa ya ɗauka ya yi abinsa. Abin da nake cewa ba wani sirri a ciki, eh a lokacin kitse jiki ya fi taɓawa, amma in aka haɗa lissafin yini gaba ɗaya abin da ka ci da abin da ka ƙona ne ke yanke hukunci. Kai ka dawo ka ci daidai, ita Maman Ilham ta dawo hannu na rawa ta share ledar ƙosai, ka ga ba ɗaya ba ne.

Kocin Tudun Wada:
To nan kam na yarda. Ni ƙwai biyu dafaffe nake ci da dankalin Hausa in na dawo.

Baban Malali:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni tsoho ne na yi ritaya, jikata ce ke rubuta min. Likita ya ce in rage tumbi saboda hawan jini, to kullum bayan la'asar ina takawa a cikin unguwa har a kusa kiran magariba. Matsalata fura ce, ba zan ɓoye ba, tun ina yaro ba na kwana ban sha ba, kuma da na fara tafiyar nan sai na ƙara yawanta ina cewa ai na motsa. Uwargida ce ta yi min dabara, dunƙule ɗaya maimakon uku, kindirmo ya fi yawa, suga kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Kwanakin farko kamar in yi kuka, yanzu in aka sa suga ma sai in ji ta gundure ni. Wandunan da na ajiye tun ina aiki sun fara shiga. Zoɓo ma haka take min ba suga, da citta irin ta wajen Kachia mai yaji.

Yar Kinkinau:
Baba Allah ya ƙara lafiya, a gaida mana Hajiya, ita ce kocin gaskiya.
Tunda an ambaci citta, ni wata shida ina shan ruwan ɗumi da lemon tsami da citta da sassafe wai yana narka teɓa, abin da na samu kawai olsa ta ta tashi. Na daina.

Abba Injiniya:
Nawa na ɗalibai ne marasa kuɗi. Da na fara zuwa jim sai na ga kowa da robar garin furotin, sinadarin abinci mai gina tsoka, yana girgizawa, na tambayi kuɗin gwangwani ɗaya na ji ya fi kuɗin abincina na wata, na ce a kai kasuwa. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6, ga wake, ga awara, ga nono, ga kifi busasshe, duk suna gina tsoka kuma suna riƙe ciki ka daɗe ba ka ji yunwa ba, wanda shi ne babban abin ga mai son ramewa. Inda na yi kuskure awara ce, ina sayen soyayya mai ƙwai a bakin makaranta tana ɗigar mai, ashe babban cokali ɗaya na mai wajen kalori 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja ko zaitun duk kusan ɗaya. Yanzu ɗanya nake saya wajen mai yin ta kafin ta soya in jefa a miya. Gyaɗa ma ta ci amanata, ina ganin ai abu ne mai kyau sai in cinye kwalba a kwana biyu ina karatu, giram 100 ɗinta ya haura kalori 550. Kuma maganar dole ka ci abu cikin minti 30 da gama tirenin ko wahalarka ta tashi a banza, ni dai sai na hau keke napep na isa gida na yi wanka nake ci, ban ga abin da ya ragu ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ba wanda ya yi maganar azumi. Ni a Ramadan ɗin da ya wuce na ce zan yi amfani da damar, na gwada fita da hantsi, kwana biyu na gane kurena, maƙogwaro kamar an zuba yashi ga shago na jirana a kasuwa. Sai na mayar da shi minti 30 kafin shan ruwa, tafiya kawai ba gudu ba, ina shigowa ana kiran salla in sha ruwa in ci dabino uku. Wannan ya yi daidai. Inda aka samu matsala faranti ne, soyayyen dankali da doya da ƙwai da ƙosai da kunun gyaɗa da zoɓo mai sanyi, a ce wai buɗa baki ne kafin abinci ya zo. Na fito azumi da ƙarin kilo 2, ɗinkin salla sai da tela ya buɗe min shi. Yanzu a azumin Litinin da Alhamis nake gyarawa, kankana da kwaɗon zogale mai ƙuli kaɗan sannan tuwo malmala ɗaya, sahur kuma alala ko ɗanwake ba a malale shi da mai ba.

Maman Ilham, Unguwar Dosa:
Kai jama'a na gode wlh, na sha dariya na kuma ji kunya. Yau na gwada, dabino uku da ruwa kafin in fita, da na dawo hannun bai yi rawa ba, na ci alala biyu da koko ba suga, kokon dai da ƙyar ya wuce. Mai ƙosai har ta aiko yarinyarta wai ko lafiya ba a ga yaronmu ba. Zan hau sikelin nan bayan sati biyu in zo in faɗa muku. Anti Nas tambaya ɗaya, kunun aya in ba a sa suga ba sai dabino, shi ma yana cikin masu laifi ne? Don akwai roba uku a firij ɗina yanzu haka.