Neman shawara: gefen mutum yana rawa in na cire koren ƙyalle

Mai tambaya daga Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa masu montaj, wato haɗa bidiyo. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar bidiyo a nan Tawa, talla nake yi wa ƴan kasuwa. Wani aiki ya tsaye mani. Na ɗauki wani dattijo mai turare a gaban koren ƙyalle, da dare, da ƙwan fitila biyu masu jan haske. Hasken bai wadata ba, ISO, wato ƙarfin da kamara ke ƙara wa haske, ya kai 3200. A ido hoton ba laifi. Amma ina sa Keylight, abin cire kore na manhajar After Effects, na cire koren don in sa hoton shago a bayansa, sai gefen rawaninsa da kafaɗun rigarsa suka kama motsi kamar tururuwa na bin jikinsa. In na matse Clip Black da Clip White, maɓallan Keylight masu tsaurara gefe, motsin ya ragu, amma farin gemunsa ya cinye, ya koma guntu. Dattijon ya yi tafiya, ba halin sake ɗauka, ga ɗansa yana jiran aiki. Don Allah a agaza mani.

Tsohon mai kamara, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar matse-matsen nan tukuna, fara gano inda ciwon yake. Hoton bidiyo haɗin ja, kore da shuɗi ne: danna Alt da 1 ka ga ja shi kaɗai, Alt da 2 kore, Alt da 3 shuɗi. Na tabbata koren zai fito sumul, shuɗin kuwa cike da ɗige-ɗige masu yawo.

Dalili kuwa, a idon yawancin kamarori, cikin kowane ɗigo huɗu biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ga shi kuma fitila mai jan haske shuɗin da ke cikinta kaɗan ne. Dole kamara ta ƙara wa shuɗin ƙarfi don farar riga ta fito fara, garin haka take ƙara wa dattin, wato ɗige-ɗigen nan, ƙarfi. Shi kuma Keylight yana auna yadda kore ya rinjayi ja da shuɗi ne kafin ya ce wannan ƙyalle ne, wancan mutum. In shuɗin na tsalle daga hoto zuwa hoto, gefen ma tsalle zai yi.

Wani ɗan uwa, Bukoki: Malam, fayil ɗin na katin kamara ne ko an turo maka ta WhatsApp? In ta can ya biyo, nemi na asali, an riga an matse shi. Ko na asalin ma, yawancin ƙananan kamarori 4:2:0 suke ɗauka a tsarin matse bidiyo na H.264, wato bayanin launi rubu'in na haske ne kawai. Shi ya sa gefe ke fitowa tsani-tsani.

Mai tambaya: Na kati ne yaya. Na duba kuma, wallahi shuɗin ne. Sai yaya ke nan?

Wata mai montaj, Yamai: Sannu da aiki ɗan uwa. Ga yadda nake yi, kuma da wuya ya ba ni kunya. Kwafi bidiyon ya zama biyu. Na farko ka wanke shi sosai da abin share ɗige-ɗige, Remove Grain, ko Neat Video in kana da shi, don Neat Video yana gwama hotunan gaba da na baya. Kada ka damu in fuska ta yi santsi fiye da ƙima, ba mai ganin wannan. A kansa za ka sa Keylight, ka fitar da maski baƙi da fari, fari inda mutum yake, baƙi inda za a cire. Sai ka ɗora maskin a kan na biyu, wanda ba ka taɓa ba, ta Track Matte. Gefe ya natsu, fatar dattijo da saƙar rawaninsa suna nan yadda Allah ya yi su. Koren da ya saura a kafaɗa kuma Advanced Spill Suppressor zai ɗauke.

Batun gemu, kada ka nemi maski ɗaya ya yi maka komai. Zagaye kai da gemu daban, ka yi musu nasu mai taushi, jiki kuma ka matse shi yadda kake so. Aiki ne mai cin lokaci, amma gemun dattijo ba abin da za a guntule ba ne.

Wani ɗan uwa, Bukoki: Anti, ai Screen Pre-blur na cikin Keylight, mai ɗan dusashe hoto kafin a cire kore, ma ya isa, ba sai an sha wannan wahala ba.

Wata mai montaj: Yana taimakawa in ka tsaya wajen 1 ko 2. Da ka wuce haka sai silin gemun ya narke. Kuma bai hana ɗigon sauya wuri daga hoto zuwa hoto, wanda shi ne rawar da yake kuka da ita.

Tsohon mai kamara: Gaskiyarta. Ƙanena, aiki na gaba kuma ka nemi fitilun LED masu farin haske, ka ba ƙyalle nasa, ka ba mutum nasa, ISO ya sauka ƙasa. Fatarmu mai duhu tana son haske sosai, a inuwa dattin ya fi taruwa. Mutum ya matso kamar mita 2 daga ƙyallen, a goge ƙyallen kuma a ɗaure shi tamau. Kuran ɗinmu 50 Hz ne, saboda haka ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato lokacin da idon kamara ke buɗe, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, don kada haske ya riƙa ƙyafta ido.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda Anti ta ce, rawani da kafaɗu sun tsaya cak. Sai dai yanzu dattijon yana da ɗige-ɗige, hoton shagon da na sa a bayansa kuwa fes yake, ana gane haɗi ne.

Wata mai montaj: Rage na dattijon kaɗan, sa'annan ka zuba wa hoton shagon ɗige-ɗige da Add Grain har su yi kusa da juna. Ka duba a babban allo kafin ka miƙa, waya tana ɓoye irin wannan.