Katin asibiti na iya sa a janye magani?

Ɗalibi, Sakkwato:
Assalamu alaikum malamaina. Magani ya riga ya tsallake gwaji, NAFDAC ta ba shi lamba. Shin abin da ake rubutawa a katin majinyata, a asibitin koyarwa na UDUTH da ke Sakkwato ko asibitin ƙauye, na iya canza hukuncin hukuma?

Likita:
Wa alaikumus salam. Ƙwarai kuwa. Gwaji kan ɗauki 'yan dubban mutane ne, galibi ban da masu juna biyu. Illar da ke samun mutum 1 cikin 10,000, sai kimanin mutum 30,000 sun sha kafin a kusa tabbatar da ganinta.

Dubi dolutegravir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki. A 2018 bayanan ɗakunan haihuwa a Botswana suka nuna jarirai 4 cikin 426, waɗanda uwayensu ke shan sa lokacin ɗaukar ciki, sun zo da naƙasar laka ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta yi gargaɗi. Da haihuwar da ake bibiya ta yawaita, adadin ya sauko sosai, a 2019 aka ce mata ma su sha.

Mai harhaɗa magunguna:
Gaskiya ne, Likita, amma sai rahoton illar magani da ake kai wa NAFDAC ya cika. Ko a fam mai ruwan ɗorawa aka cike shi ko a manhajar waya ta Med Safety, abu huɗu ne wajibi: majinyaci (harufan farkon sunansa, shekaru, jinsi), maganin da ake zargi, abin da ya same shi, da mai kai rahoto. Ɗana, ka ƙara lambar rukunin da ke jikin kwali, ranar fara sha, ranar da illa ta bayyana, da yadda ya kasance bayan an daina. Lambar nan ce ke bambance laifin maganin kansa da na gurɓataccen haɗi, irin maganin haƙorin jarirai My Pikin na 2008. A tambayi jiƙo da tsimi ma, ba kowa ke faɗa ba. Kada ka jira tabbas, zargi ya isa. Daga Abuja rahoton ke wucewa VigiBase, rumbun rahotannin illar magani na WHO da ke Uppsala, a ƙasar Sweden.

Jami'ar adana bayanai:
Inda ake tuntuɓe shi ne ƙidaya. A rabon maganin kariyar maleriya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, in aka ce yara 20 sun yi amai, cikin nawa? Kuma lokacin zazzaɓi ne, wanda shi ma ke sa amai. Dole a haɗa da takardar ƙidayar masu rabo. DHIS2, tsarin kwamfuta na tattara bayanan lafiya, jimillar wata yake ɗauka, ba zai nuna wane yaro ya sha me ba, sai an koma rajista.